SU A TEKU CIKIN JIRGIN KAYAK: YADDA A KE FARAWA

Mutanen ƙasar nan ba baƙin su ba ne. Akwai Sarkawa a bakin Kwara, akwai Kabawa a gulbin Kabi, akwai masunta a Binuwai da Tabkin Cadi da fadamun Haɗeja, ko waɗanne da dabararsu ta gado. Amma duk wannan su na ruwan daɗi ne. Teku, watau babban ruwan gishiri, halinsa dabam ya ke, masuncin gulbi bai san shi ba ko da ya yi furfura cikin sana'ar. Wannan takarda za ta bayyana wa Hakimai da malamansu wani irin su da a ke yi a teku cikin ɗan jirgi mai ɗaukar mutum guda, wanda a ke kira kayak. Za a faɗi inda jirgin ya samo asali, da yadda wanda bai taɓa yi ba zai fara, da abubuwan da su kan halaka mai gaggawa.

ASALIN JIRGIN

Can ƙarshen duniya wajen arewa, a Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, akwai mutanen da dā a ke kira Eskimo, su kuwa suna kiran kansu Inuwit. Ƙasarsu ƙanƙara ce yawancin shekara, ba a noma, itatuwa ma ba su tsirowa. A dā yawancin abincinsu da man fitilarsu daga teku su ke fitowa. Su da 'yan'uwansu na tsibiran Aliyut ne suka ƙago wannan jirgi tun shekaru dubbai da suka wuce, sunan kayak ma daga harshensu aka aro shi.

Ga yadda su ke ƙera shi a dā. Mutum ya kan bi gaɓa yana tsintar itacen da teku ya koro daga wasu ƙasashe, ya fafe, ya harhaɗa shi kamar haƙarƙari, ya ɗaure da tsirkiya, ba ƙusa ko ɗaya. Sa'an nan mata su ɗinka fatun wata dabbar teku mai kitse da a ke kira sil, su rufe jirgin da su sama da ƙasa, su bar ƙofa guda a tsakiya daidai ƙugun mai shi. Da jijiyar dabba su ke ɗinkin, su shafe shi da kitse don kada ruwa ya shiga. Irin na Girinlan tsawonsa ya kan kai ƙafa 17 ko 18, faɗinsa kuwa wajen inci 20 kaɗai. Da jikin mai jirgin a ke aunawa, sabo da haka na wani ba ya yi wa wani daidai, kamar dai takalmi. Filafilinsa baki biyu gare shi, a riƙe shi a tsakiya, a tsoma dama a tsoma hagu.

Cikin wannan ɗan abu maharbi ya ke shiga teku da zagonsa, ya yi farautar sil, ya saki igiya ya kama kifi. Ruwan ƙasarsu kuwa don sanyi, wanda ya faɗa ciki ba ya daɗewa. Shi ya sa suka koyi wata dabara: in jirgi ya kife da mutum, sai ya yi amfani da filafili da ƙugunsa ya juyo da shi daidai, yana zaune a ciki bai fita ba. Tun yaro yana ƙarami ubansa ke koya masa, duk da haka teku ya ci maharba masu yawa.

Daga baya Turawa suka ɗauki jirgin don shaƙatawa. A 1865 wani mutumin Sikotlan, John MacGregor, ya sa aka yi masa na katako, ya yi yawo da shi a kogunan Turai, littafin da ya rubuta a kan tafiyar ya jawo hankalin mutane da yawa. A 1907 wani tela a Jamus, Johann Klepper, ya fara sayar da irin wanda a ke kwancewa a naɗe a jaka. Cikin irin wannan ne wani likita Bajamushe, Hannes Lindemann, ya ƙetare Tekun Atlantika shi kaɗai a 1956, ya kwana 72 a kan ruwa. Wajen 1973 aka fara zuba kayak na roba mai tauri, kuɗinsa ya sauko, talaka ma ya iya saye. Cikin waɗannan shekaru kuma, a Kalifoniya ta Amurka, Tim Niemier ya fito da irin wanda a ke zama a bisansa. Wannan shi ya buɗe wa masu fatsa hanya. Yanzu a gaɓar Amurka da Ostareliya da Niu Zilan da Afirka ta Kudu, musamman wajen Durban, mutane da yawa ke fita su da shi, waɗansu don nishaɗi, waɗansu don cefanen gida.

Dalilin da ya sa a ke son sa a fili ya ke. Ba ya shan mai, mutum guda ya iya jan abinsa zuwa bakin ruwa, ba shi da ƙarar da za ta kori kifi, yana kuma shiga inda ruwa bai wuce gwiwa ba, inda babban jirgi ba ya kusanta. Aibinsa kuma shi ne ƙanƙantarsa. Tsakanin mai shi da ruwa inci kaɗan ne, in ya yi kuskure ba abokin tuƙi da zai gyara masa.

JIRGIN DA YA DACE DA MAI FARAWA

Kayak iri biyu ne. Akwai wanda a ke shiga cikinsa, ƙafafu su ɓuya, kamar na Inuwit. Akwai kuma wanda a ke zama a bisa, shi rufaffe ne ruf kamar gora, iska ce a cikinsa, an yi masa gurbin zama da na ƙafafu a sama. Wanda ya taɓa ganin Bakabe a kan gorarsa a Argungu ya fahimci hikimar: muddin gora ba ta fashe ba, ko ta juye ba ta nutsewa, sai mai ita ya sake hawa. Irin na bisa yana da waɗansu 'yan ramuka da suka huda daga sama har ƙasa, ruwan da igiya ta watso sai ya zurare ta nan da kansa. Na shiga ciki kuwa in ya kife ya kan cika da ruwa, fid da ruwan a tsakiyar teku aiki ne na gwanaye. Sabo da haka mai farawa ya nemi na bisa, kada ya yi wata shawara.

Tsawon da ya fi dacewa da teku shi ne ƙafa 12 zuwa 14, faɗi kuwa inci 28 zuwa 34. Dogo siriri ya fi gudu da bin hanya sosai, gajere mai faɗi ya fi zama daram amma yana gajiyar da matuƙi, iska kuma tana wasa da shi. Ko wane jirgi an rubuta nauyin da zai iya ɗauka. Mutum ya haɗa nauyin jikinsa da na kayansa duka, ya ga bai wuce kashi 3 cikin 4 na abin da aka rubuta ba. Tun 1997 kamfanin Hobie ya fito da irin wanda a ke tuƙawa da ƙafa kamar keke, hannu ya sami sukunin riƙe sandar fatsa. Yana da amfani ƙwarai, sai dai tsada da nauyi, kuma ko shi ba a fita da shi ba filafili, gama ƙarfe ya kan karye. Launin jirgi ya zama mai ɗaukar ido, rawaya ko ja, don a hango shi daga nesa.

Abin da ya fi jirgin kansa muhimmanci shi ne rigar ceto, watau rigar nan mai hana mutum nutsewa. Hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka tana buga lissafin haɗarin ƙananan jirage ko wace shekara, a lissafin 2019 zuwa 2023 kuwa, cikin ko wane mutum 100 da ruwa ya ci, fiye da 80 ba su sanye da ita. Da yawa sun mallaki rigar, amma tana ɗaure a bayan jirgi. Sa ta a ke yi tun a tudu, a ɗaure tsam, ba a tuɓewa sai an dawo tudu. Gwanin iyo ma bai tsira daga wannan doka ba, domin iyo a gulbi da iyo cikin raƙuman ruwa da tufafi a jiki ba ɗaya ba ne. A jikin rigar a ke maƙala usur da wuƙa da abin kiran taimako, don in mutum ya rabu da jirginsa kada ya rabu da su. Masu fita teku su kan riƙe 'yar rediyon hannu wadda ruwa ba ya ɓatawa. Tasha ta 16 ita ce ta neman ceto a duk duniya, jirage da masu tsaron gaɓa suna sauraronta dare da rana. Wayar hannu ma ta yi, in an sa ta a jakar da ruwa ba ya shiga, amma nesa da gaɓa ta kan rasa layi.

Sauran kayan ba su da yawa: igiyar da za ta haɗa filafili da jirgi, da tuta mai launi a kan doguwar sanda don manyan jirage su gan shi, da kamfas, da tocila, da malafa, da ruwan sha wadatacce. Ruwan teku, cikin ko wane kashi 100 wajen 3 da rabi gishiri ne. Wanda ya sha shi ƙishirwa ya ƙara wa kansa, in ya yawaita kuwa ya halaka.

KAFIN A TAƁA ƘUGIYA

Fita ta fari da ta biyu da ta uku, a bar kayan su a gida. Mutum ya sami wuri mai kwanciyar ruwa, lungun teku ko tabki, tare da wanda ya iya, ya koyi tuƙi gaba da baya, da juyawa, da tsayawa. Ƙarfin tuƙi daga ƙugu da gadon baya ya ke fitowa, wanda ya dogara ga damatsa kaɗai ba ya awa guda sai ya gaji. Kansa kuma kullum ya zauna daidai tsakiyar jirgi, gama inda kai ya karkata nan jiki ke bi. Mai son ɗauko abu a bayansa sai ya zauna a karkace, ya saki ƙafafunsa biyu cikin ruwa ta gefe guda, sa'an nan ya miƙa hannu.

Bayan wannan sai ya kifar da jirgin da gangan, a inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ya koyi sake hawa. Da fari ya juyo da jirgin daidai. Sa'an nan ya zo gefensa wajen tsakiya, ya kama, ya bar ƙafafunsa su taso sama a bayansa kamar mai iyo, ya buga ruwa da ƙarfi ya ja cikinsa ya kwanta a gicciye bisa jirgin. Daga nan ya mirgina ya zauna, ya jawo ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. A faɗe abu ne mai sauƙi, amma mai ƙiba ko wanda ya gaji ya kan sha wuya. Ya yi ta maimaitawa har ya iya sau 3 a jere ba hutawa. Wanda bai iya wannan ba bai isa fita teku ba tukuna, ko nawa ya kashe wajen sayen kaya.

A ƙasashen sanyi akwai ƙarin haɗari. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki wajen ninki 25 fiye da iska. Wanda ya faɗa ruwan sanyi, minti na fari numfashinsa ya kan sarƙe, bayan kamar minti 10 kuma hannuwansa su daina kama abu. Don haka can a ke cewa mutum ya yi shiga don ruwa, ko da rana tana haskawa. A ƙasashen zafi kuwa rana da ƙishirwa ne abokan gaba.

CIKAR TEKU DA JANYEWARSA

Nan ne teku ya fi bambanta da gulbi, nan ne kuma ya kamata a tsaya a fahimta sosai. Gulbi sau ɗaya ya ke cika a shekara, kullum kuma gefe guda ya ke gudu. Teku kuwa a yawancin wurare sau 2 ya ke cika sau 2 ya ke janyewa cikin kwana guda. Ya yi wajen awa 6 da 'yan mintoci yana hauhawa, ya ɗan tsaya, ya yi wajen awa 6 yana komawa. Wata ne ke jan ruwan, rana ma tana ja amma ƙarfinta bai kai rabin na wata ba. Da ya ke ko wace rana wata ya kan makara wajen fitowa, haka cikar teku ta ke makara da kamar minti 50. In yau ya cika da ƙarfe 7 na safe, gobe sai wajen 8 saura minti 10.

Wanda ya saba lissafin kwanakin wata ba zai sha wuyar wannan ba. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, watau wajen daren 14, rana da wata suna ja a layi guda, sai teku ya cika ƙwarai ya kuma janye ƙwarai, gudun ruwa ya yi ƙarfi. Wajen 7 ga wata da 22 ga wata kuwa jansu ya kan saɓa, ruwa ya yi sanyin jiki. Waɗannan kwanaki su suka fi dacewa da mai koyo. Yawan hauhawar ya danganta ga wuri. A Ikko wajen ƙafa 3 ne, amma a mashigin Fundy na Kanada ya kan kai ƙafa 50. Ko wace tashar jirage tana da jadawalin da aka buga na shekara guda, mai nuna sa'ar cika da ta janyewa. Masunci ba ya fita sai ya duba.

Gudun ruwan kuma ba ɗaya ba ne cikin awa 6 ɗin nan. A awa ta fari kaɗan ya ke motsi, a ta 3 da ta 4 rabin ruwan duka ke wucewa, sa'an nan ya lafa. Matsakaicin matuƙi mil 3 ya ke yi a awa. A bakin kogi ko wata matsattsiyar mashiga, gudun ruwa mai janyewa ya kan kai haka ko ya fi. Wanda ya shiga nan a wannan sa'a, yana tuƙi iyakar ƙarfinsa yana ganin gaɓa tana nisa. In kuma iska ta busa gaba da gaba da gudun ruwan, sai raƙuman ruwa su miƙe tsaye, gajeru masu kaifi, irin masu kifar da jirgi. Mai farawa ya nisanci bakin kogi sarai.

Amma wannan motsin shi ne arzikin masunci. In ruwa na hauhawa ya kan rufe laka da duwatsu, ƙaguwa da jatan lande da ƙananan kifi su fito, manya su biyo su. In yana janyewa ya kan kwaso su ta 'yan magudanai, manyan kifi su yi kwanto a bakin magudanar. Sa'ad da ruwa ya tsaya cik, cin kifi ya kan ragu. Don haka a ke zaɓen ranar da motsin ruwa ya dace da sanyin safiya.

Sai iska. A bakin teku, da rana tudu ya kan riga ruwa zafi, iska ta taso daga teku zuwa tudu, ta yi ta ƙaruwa har la'asar. Da dare sai ta juya. Sabo da haka a kan fita da sassafe a dawo kafin azahar. Iskar da ta wuce mil 10 ko 12 a awa ta fi ƙarfin mai koyo, alamarta kuwa in an fara ganin farin kumfa a kan ruwa nan da can. Ranar da aka ga haka a haƙura, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Mafi mugunta ita ce iskar da ke busowa daga tudu zuwa teku, domin mayaudariya ce. A bakin gaɓa ruwa ya kan kwanta lumui kamar a kwano, gama tudu ya tare iskar. Mutum ya tafi cikin daɗi tana tura shi ta baya, sai ya juyo zai koma ya tarar da ita a goshinsa, ta ninka ƙarfi. Ƙa'idar ita ce a fara tafiya ana fuskantar iska da gudun ruwa tun da sauran ƙarfi, don su taimaka wajen komowa. A gaɓar Afirka ta Yamma, iskar hunturu daga tudu ta ke zuwa, ga kuma hazo mai ɓoye gaɓa. A irin wannan rana kamfas ne idon mutum.

Kafin ya tashi, lalle ya gaya wa wani a tudu inda zai shiga, da inda ya nufa, da launin jirginsa, da sa'ar da zai komo, da wanda za a sanar in sa'ar ta wuce. Kada kuma ya fita shi kaɗai a shekararsa ta fari.

Wurin shiga ruwa ya zama inda igiya ba ta fashewa. In ba makawa sai ta rairayin da ta ke fashewa, a tsaya a yi kallo tukuna. Raƙuman ruwa ayari ayari su ke zuwa, manya kaɗan sa'an nan a ɗan sarara. Cikin sararin a ke shiga, a sa goshin jirgi ya fuskance su sosai, a tuƙa da ƙarfi ba tsayawa. Jirgin da ya ba igiya gefensa ya kife. Komowa ta fi fita wuya. A ɗaure kaya duka, a cire ƙugiyoyi, a biyo bayan igiya. In an sauka kada mutum ya tsaya tsakanin jirgi da tudu, don igiya ta kan ɗauko jirgin ta buga masa a ƙafa.

KAYAN SU DA KAMUN KIFI

Sandar fatsa guda ta isa, mai tsawon ƙafa 7, don a iya zagayo da zare ta goshin jirgi in kifi ya bi ta ƙarƙashi. A haɗa ta da keken naɗe zare irin wanda gishiri ba ya ci da wuri, da zaren da zai ɗauki laba 15 zuwa 20, da 'yan ƙugiyoyi da darma cikin ƙaramin akwati. Masu koyo su kan cika jirgi da tarkace, ranar da ya kife kuwa abin da ba a ɗaure ba ya tafi, abin da aka ɗaure da igiyoyi barkatai kuma ya sarƙe ƙafar mai shi. Abincin ƙugiya da ya fi sauƙi shi ne jatan lande ko yankan kifi. Akwai kuma kifin ƙarya na roba ko na ƙarfe, wanda a ke jefawa a jawo. Ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe ta fi, domin a gefen baki ta ke kama kifi, cire ta ba wuya.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bar jirgi ya bi ruwa a hankali, abincin ƙugiya yana kusa da ƙasa. Wata hanyar kuma a saki zare a baya ana tuƙi sannu sannu. Kifi ba ya zama a fili banza. A neme shi wajen duwatsu, da gindin gada, da ciyawar ƙarƙashin ruwa, da saiwoyin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, da inda ƙasa ta gangara farat ɗaya. Inda tsuntsaye ke faɗawa ruwa, akwai ƙananan kifi, manya kuma na ƙarƙashinsu.

Anka, watau ƙarfen tsai da jirgi, ya kifar da mutane da yawa. Ba a ɗaura igiyarsa a gefen kayak, sai a goshi ko a wutsiya, in ba haka ba gudun ruwa ya danne gefen. Tsawon igiyar ya zama aƙalla ninki 3 na zurfin ruwa, a kuma ɗaura ta yadda za a iya saki nan take. Inda ruwa ke gudu da ƙarfi mai koyo kada ya jefa shi ko kaɗan.

In babban kifi ya kama, a sa bakin sanda ya nufi goshin jirgi, a sassauta keken yadda zare zai riƙa fita in ja ya yi yawa. Kifin zai ja jirgin ya yi ta yawo da shi har ya gaji, wannan ma taimako ne. Amma masunci ya riƙa duban gaɓa. In ya ga ana jan sa zuwa tsakiyar teku ko hanyar manyan jirage, ya yanke zare, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Haka kuma in ƙugiya ta maƙale a dutse, kada ya ja ta gefe da ƙarfi, domin in zaren ya tsinke farat ɗaya baya zai faɗa. Ba a kuma naɗe zare a hannu, yana yanka har ƙashi.

Kifin da aka jawo tsakanin cinyoyin mutum zai sauka, sabo da haka a san ko wane iri ne tun yana cikin ruwa, a kuma bari ya gaji sarai. Masuntan Binuwai sun san kunamar ruwa. Danginta sun cika teku, da ƙaya mai dafi a wutsiya, ba a ɗora su a jirgi, zare a ke yankewa. Tarwaɗar teku tana da ƙayoyi masu dafi a baya da gefe. Barakuda haƙoransa sun yi kama da na tsage, da awartaki a ke cire masa ƙugiya. Kifin da aka kama a sa shi cikin jaka a bisa jirgi, da ƙanƙara in akwai. Kada a rataye shi a gefe yana zub da jini, don jini ya kan jawo kifin nan mai haɗari da a ke kira shak.

DOKA

Teku ma yana da hukuma. A Afirka ta Kudu dokar 1998 ta wajabta wa mai fatsa don nishaɗi ya yanki takardar izni. A Amurka yawancin jihohin gaɓa suna da lasin nasu. Dokokin su kan ƙayyade tsawon kifin da za a ɗauka, da yawan da mutum zai kama a yini, da watannin da aka hana kama wani iri don yana ƙwai, da wuraren da aka keɓe ba a su a cikinsu. Shi ya sa masunci ke tafiya da abin awo, kifin da bai kai ba ya jiƙa hannunsa ya cire ƙugiya ya mai da shi ruwa da sauri. A Nijeriya dokar su ta teku ta 1992 ta hana manyan jirage masu jan taru aiki cikin mil 5 na teku daga gaɓa, an bar wannan yanki ga ƙananan masunta. Baƙon da ya zo da kayak ya tarar da mutanen da suka gaji wurin, sai ya gai da shugabansu, ya tambayi inda ragarsu ta ke don kada ya bi ta kai. A hanyar shiga tashar jirage kuwa ƙaramin jirgi ne ke kaucewa, gama babba ba ya iya tsayawa da wuri, matuƙinsa ma sau da yawa bai ga kayak ba.

In an komo tudu, aiki bai ƙare ba sai an wanke kaya. Gishiri yana cin ƙarfe, keken zare da ƙugiya da wuƙa da aka ajiye ba wanki su kan yi tsatsa cikin 'yan kwanaki. A ɗauraye su da ruwan daɗi, a shanya a inuwa, a ɗiga wa keken mai. A buɗe murfin jirgin a duba ko ruwa ya shiga cikinsa. In an sami fiye da kofi guda ko biyu, akwai tsaga a wani wuri, a nemo ta a toshe kafin fita ta gaba. A ajiye jirgin a kife a ƙarƙashin rumfa, domin zafin rana yana busar da roba har ta tsage.